Umarnin Git da ya kamata mai koyon haɗa manhaja a Gombe ya sani kafin aikinsa ya salwanta

Matasan da ke koyon haɗa manhajar kwamfuta a Gombe suna ƙaruwa. Wasu suna karatu a Jami'ar Jihar Gombe da ke Tudun Wada, wadda aka kafa a shekarar 2004, wasu a Jami'ar Tarayya ta Kashere, wasu kuma sun shigo ta shirin 3MTT da Ma'aikatar Sadarwa ta Tarayya ta ƙaddamar a ƙarshen 2023 da nufin horar da 'yan Najeriya miliyan uku kan fasahar zamani. Sai dai akwai wata hasara da ba a cika ambata ba a lokacin da ake yaye ɗalibai, wato salwantar aikin da aka riga aka yi. Kwamfuta takan mutu ana saura mako guda a kare aikin kammala digiri. Filashi yakan ɓata a cikin keken A Daidaita Sahu. Mutum yakan taɓa layi biyu a manhajar da ke aiki lafiya jiya, ta daina aiki yau, ya kuma rasa gane abin da ya taɓa.

Dabarar da akasarin masu koyo ke fakewa da ita ita ce kwafar jakar aikin gaba ɗaya a sake mata suna: «aiki», «aiki sabo», «aiki na ƙarshe», «aiki na ƙarshe na gaske». Bayan wata guda babu mai iya cewa wanne ne wanne, har shi mai aikin. Wannan matsala ce ta sa aka ƙirƙiri manhajojin adana tarihin sauye-sauye, kuma wadda ta mamaye duniya a cikinsu ita ce Git. A binciken da shafin Stack Overflow ya gudanar a 2022, fiye da kashi 90 cikin ɗari na masu haɗa manhajar da suka amsa sun ce da ita suke aiki.

Asalinta da abin da ya bambanta ta

Linus Torvalds, ɗan ƙasar Finland da ya fara rubuta Linux a 1991, shi ne ya ƙirƙiri Git a watan Afrilun 2005. Kafin lokacin, masu aikin Linux suna amfani ne da wata manhajar kasuwanci mai suna BitKeeper, wadda kamfanin da ya mallake ta ya ba su kyauta. Da saɓani ya shiga tsakani aka janye wannan dama, sai Torvalds ya zauna ya rubuta tasa, ta fara aiki cikin 'yan kwanaki. A watan Yulin shekarar ya miƙa ragamarta ga Junio Hamano, wanda ya ci gaba da kula da ita. Git kyauta ce, ba a biyan ko kwabo kafin a saka ta a Windows ko Linux ko macOS.

Manhajojin da suka gabace ta, irin su CVS da Subversion, sun dogara ne da babbar kwamfuta guda da ke riƙe da tarihin aiki, kowa sai ya haɗu da ita kafin ya adana gyaransa. A Git kuwa kowane mai aiki yana da cikakken tarihin a kwamfutarsa. Wannan bambanci yana da nauyi a wuri irin Gombe. A watan Afrilun 2024 ɓata-gari sun lalata turakun babban layin lantarki na Jos zuwa Gombe, aka shafe makwanni ana fama da duhu a sassan Arewa maso Gabas. Kafin nan da wata guda, ranar 14 ga Maris, lalacewar wayoyin intanet na ƙarƙashin teku a gaɓar Afirka ta Yamma ta kawo cikas ga sadarwa da harkokin banki a Najeriya. A irin waɗannan ranaku, mai aiki da Git da ya samu ya yi cajin kwamfutarsa yana iya adana gyara, ya duba tarihi, ya koma baya, ba tare da ya kunna data ba. Sai lokacin aika aiki ga wasu ko karɓowa daga gare su ne kawai yake buƙatar intanet.

Ya kamata a raba Git da GitHub, domin masu koyo kan ɗauka abu guda ne. GitHub shafi ne da aka buɗe a 2008 don ajiye ma'ajiyoyin Git a intanet, kamfanin Microsoft kuma ya saye shi a 2018 a kan dala biliyan 7.5. Yana da kishiyoyi, irin su GitLab da Bitbucket. Ana iya shekara ana aiki da Git ba a taɓa buɗe ko ɗaya daga cikinsu ba.

Somin-taɓi

Domin bayanin ya zauna, a ɗauka ɗalibai biyu ne suke haɗa wata ƙaramar manhaja da za ta riƙa nuna farashin masara da wake da shinkafa a kasuwar Tudun Hatsi ta Gombe, tana kwatanta shi da na kasuwar Kumo.

Abu na farko shi ne kowa ya gabatar da kansa ga Git a tagar rubuta umarni, sau ɗaya tak: git config --global user.name "Suna", sai git config --global user.email tare da adireshin imel. Wannan suna shi ne zai riƙa bin duk gyaran da mutum ya yi. A ɗakin kwamfutar makaranta, inda mutane da yawa ke amfani da na'ura guda, ya fi dacewa a cire kalmar --global a yi saitin a cikin jakar aikin kaɗai, in ba haka ba aikin wani zai fita da sunan wani.

Daga nan hanya biyu ce. Wanda zai fara sabon aiki sai ya shiga jakarsa ya rubuta git init. Git za ta buɗe wata ɓoyayyiyar jaka mai suna .git, a cikinta ne duk tarihin zai zauna, kuma wanda ya goge ta ya goge tarihin ke nan. Wanda kuma zai shiga aikin da aka riga aka fara sai ya rubuta git clone tare da adireshin ma'ajiyar, a sauko masa da fayiloli da tarihinsu baki ɗaya. Idan aikin babba ne, data kuma ta yi ƙaranci, ƙara --depth 1 zai sa a kawo yanayin aikin na yanzu kaɗai a bar tsohon tarihi.

Zaure da zango

A nan ne masu koyo suka fi ruɗewa, domin Git ba ta adana komai da kanta. Danna maɓallin adanawa a manhajar rubutu bai shafe ta ba. Matakai uku ne gyara yake bi. Na farko shi ne jakar aikin, inda ake rubutu da gogewa. Na biyu wani wurin jira ne, kamar zauren gida, inda ake tara kayan da aka zaɓa kafin a shigar da su. Na uku shi ne tarihin kansa, wanda ya ƙunshi jerin wuraren da aka tsaya aka adana yanayin aiki. Kowane ɗaya daga cikinsu shi ake kira kwamit, kuma ba laifi a kira shi zango, domin kamar na fatake ne: wuri ne sananne a kan hanya da ake iya komawa gare shi.

Umarnin git status shi ne ke faɗin inda kowane fayil yake, wanda aka taɓa, wanda ke zaure, da wanda Git ba ta san da shi ba tukuna. Ba ya sauya komai, don haka babu hatsari a yawaita shi, kuma yakan nuna umarnin da ya dace a yi gaba. Ƙwararru suna rubuta shi sau da yawa a rana.

Idan ɗaya daga cikin ɗaliban ya gyara fayil ɗin farashi.py, sai ya rubuta git add farashi.py ya kai shi zaure, sannan git commit -m "Ƙara farashin wake na Kumo" ya yada zango. Git za ta ba wa zangon lambar shaida mai haruffa da alƙaluma arba'in, wadda ake lissafowa daga abin da ke cikinsa da kuma zangon da ya gabace shi. Saboda haka ba a iya sauya tsohon zango a ɓoye, domin lambarsa za ta sauya, ta waɗanda suka biyo bayansa ma ta sauya. A aikin yau da kullum haruffa bakwai na farko sun wadatar.

Mai tambaya zai ce mene ne amfanin zauren, tunda ana iya adana komai kai tsaye. Amfaninsa yana fitowa ne ranar da mutum ya yi abubuwa biyu marasa alaƙa a zama ɗaya, misali ya gyara kuskuren lissafin kuɗi ya kuma sauya launin shafi. Idan ya cusa su a zango guda, daga baya aka ce ba a son launin, cire shi zai tafi da gyaran lissafin. Da zaure sai ya raba su gida biyu. Umarnin git add -p ma yana ba shi damar zaɓar wani sashe na fayil guda ya bar saura. Akwai git add . mai ɗigo a ƙarshe, wanda ke kwashe duk abin da ke jakar, kuma shi ne masu koyo suka fi so saboda sauƙinsa. Ta nan ne kuma abubuwan da bai kamata su shiga tarihi ba suke shiga, kamar yadda za a gani a gaba.

Saƙon zango ba ƙaramin abu ba ne. Tarihin da ya cika da «gyara», «wani gyara», «an gama» bai fi jakunkunan nan na «aiki na ƙarshe» amfani ba. Al'adar da aka saba ita ce layin farko ya zama gajere, kusan haruffa hamsin, ya faɗi abin da aka yi, idan kuma akwai dalili mai tsawo a bar layi ɗaya a rubuta shi a ƙasa. Git tana karɓar Hausa da ƙugiyoyinta, don haka babu abin da ya tilasta wa ƙungiyar da ke magana da Hausa rubuta saƙo da Turancin da ba zai fayyace nufinta ba. Sai dai aikin da ake sa ran mutanen waje za su shigo, a nan Turanci ya zama dole.

Duba tarihi kuwa da git log ake yi, git log --oneline kuma yana kawo shi a taƙaice, zango ɗaya layi ɗaya. Umarnin git diff yana nuna layukan da aka ƙara da waɗanda aka cire amma ba a kai su zaure ba tukuna, git diff --staged kuma yana nuna abin da ke zaure. Karanta shi kafin kowane zango yana kama kurakurai masu yawa tun ba su yi nisa ba.

Reshe da cin karo

Reshe hanya ce ta gwada sabon abu ba tare da an taɓa gangar aikin ba. Babban reshen a da ana kiransa master, amma tun watan Oktoban 2020 GitHub ya koma sanya wa sababbin ma'ajiyoyi main, shi ya sa mai koyo zai ci karo da sunayen biyu a darussa. Ɗalibin da ke son ƙara lissafin farashi da mudu sai ya rubuta git switch -c lissafin-mudu, ya buɗe reshe ya koma kansa a lokaci guda. Duk zangon da ya yada a can ba zai shafi main ba. Idan gwajin ya lalace sai ya koma da git switch main ya tarar da komai yadda ya bar shi. An shigo da git switch ne a Git 2.23 a watan Agustan 2019. Tsofaffin littattafai suna amfani da git checkout, wanda har yanzu yana aiki, sai dai ayyuka biyu ne aka ɗora masa, sauya reshe da maido da fayil, kuma wannan ya sha jefa mutane cikin kuskure.

Idan aikin reshen ya kammala, sai a koma main a rubuta git merge lissafin-mudu. Mafi yawan lokuta Git kan haɗa su da kanta, ko da mutum biyu sun taɓa fayil guda, muddin ba layi ɗaya suka taɓa ba. Amma a ce ɗaya ya sauya layin lissafi ya koma kan buhu, ɗayan kuma ya sauya wannan layin ya koma kan mudu. A nan Git ba ta yanke hukunci. Sai ta dakata ta ce an samu cin karo, ta zuba rubutun biyu a cikin fayil ɗin: na reshen da ake kai a ƙarƙashin alamar <<<<<<<, na wanda ake shigowa da shi a saman alamar >>>>>>>, da layin ======= a tsakaninsu.

Ganin waɗannan alamomi kan tsorata mai koyo har ya goge jakar ya sake saukowa da ita, alhali babu abin da ya lalace. Abin da ake so shi ne a buɗe fayil ɗin, a zaɓi wanda ya dace ko a haɗa biyun, a share alamomin, a gwada manhajar, sannan git add da git commit. Wanda bai shirya ba yana iya janyewa da git merge --abort. Galibi ma maganin yana wajen kwamfuta: kiran waya na minti biyu tsakanin ɗaliban zai nuna cewa manhajar tana buƙatar awon biyu ne, domin dillali da buhu yake ciniki, mai cefane kuma da mudu. Reshen da aka bari ya yi makwanni ba a haɗa shi ba shi ne ke haifar da cin karo mai wuyar warwarewa.

Aikawa da karɓowa

Zangon da ke kwamfuta guda bai tsira daga ɓarawo ko ruwan sama ba. Ana haɗa ma'ajiyar gida da ta nesa da git remote add origin tare da adireshinta, sannan git push -u origin main ya aika a karon farko. Daga baya git push kaɗai ya isa. Tun watan Janairun 2019 GitHub ya ba da damar buɗe ma'ajiya ta sirri kyauta, don haka ɗalibin da ke tsoron a kwashe masa aiki ba shi da hujjar barin sa a kwamfuta ɗaya. Abin da kan tare masu farawa shi ne kalmar sirri: tun ranar 13 ga Agustan 2021 shafin ya daina karɓar ta wajen aika aiki, sai dai a yi amfani da mabuɗin SSH ko lambar izini ta musamman da ake ƙirƙira a saitin asusu.

Karɓowa iri biyu ce. Umarnin git fetch yana sauko da abin da abokan aiki suka aika ya ajiye a gefe, bai taɓa fayilolin mutum ba. Shi kuwa git pull yana saukowa ya kuma haɗa nan take. Idan abokin aiki ya riga ya aika wani abu, Git za ta ƙi karɓar git push har sai an karɓo nasa an haɗa. Wannan ƙin kariya ce. Akwai git push --force da ke tsallake ta, kuma ana yawan samun sa a matsayin amsa a intanet, amma abin da yake yi shi ne maye gurbin tarihin nesa da na gida, ya watsar da zangunan abokin aiki. A reshen da ake tarayya a kansa bai kamata a kusance shi ba. Inda ya zama dole, --force-with-lease ya fi aminci, domin yana fasawa idan wani ya aika abin da mutum bai gani ba.

Akwai wani umarni da darussan ƙasashen waje ba su cika kawowa ba, alhali a nan yana da rana. Rubuta git bundle create aiki.bundle --all yana tattara ma'ajiyar da duk rassanta da tarihinta a fayil guda. Ana iya zuba shi a filashi ko a tura ta waya, abokin aiki kuma ya buɗe shi da git clone aiki.bundle kamar daga intanet ya sauko. Ɗaliban da ɗaya ke Kashere ɗaya ke cikin gari suna iya ci gaba da musayar aiki ta haka a ranar da sabis ya ɗauke.

Komawa baya, da inda hatsarin yake

Umarnin warware kuskure ba ɗaya ba ne, kuma bambancinsu shi ne abin da ya fi cancanta a haddace. Idan an ɓata fayil amma ba a kai gyaran zaure ba, git restore farashi.py zai maido da shi yadda aka adana shi a ƙarshe. Gyaran da aka watsar ta haka ba ya dawowa, domin Git ba ta taɓa riƙe shi ba. Idan fayil ya shiga zaure bisa kuskure, git restore --staged zai fito da shi ba tare da ya taɓa rubutun ba. Idan saƙon zangon ƙarshe ne ke da kuskure, ko an manta wani fayil, git commit --amend zai gyara, da sharaɗin ba a aika shi ba tukuna.

Zangon da ya riga ya isa hannun wasu kuwa, git revert tare da lambarsa shi ne maganinsa. Yana ƙirƙirar sabon zango da ke warware na baya, tarihi kuma ya nuna an yi kuskure an gyara. Wasu na jin kunyar haka, su fi son git reset --hard, wanda ke mayar da reshe baya ya kuma shafe duk gyaran da ba a adana ba, ba tare da ya tambaya ba. Aikin yini guda yana iya tafiya da layi ɗaya.

Duk da haka, abin da aka taɓa yada masa zango da wuya ya ɓata. Git tana riƙe da wani kundi na daban na duk inda reshe ya taɓa tsayawa a wannan kwamfutar, ana ganin sa da git reflog. Wanda ya yi reset ya ga zangunansa sun ɓace zai same su a can, ya ɗauki lambar wanda yake so ya rubuta git branch ceto tare da lambar, su dawo. A saitin asali irin waɗannan zanguna da aka yanke daga reshe suna zama a kundin har kwana 30, sauran kuma kwana 90. Kundin na kwamfutar mutum ne kaɗai, ba ya bin git push.

Ga wanda aka kira shi gyaran gaggawa yana tsakiyar wani aiki, git stash yana ɗauke gyaran da bai kammala ba ya ajiye, git stash pop ya dawo da shi.

Abin da bai kamata ya shiga tarihi ba

Ƙwaƙwalwar Git da ke ceton aiki ita ce kuma ke tona asiri. Manhajar da ke karɓar kuɗi ko aika saƙon waya tana da mabuɗan sirri, waɗanda akan ajiye a fayil mai suna .env. Idan git add . ya kwashe shi aka aika, goge shi a zango na gaba bai cire shi ba, yana nan a tarihi ga duk mai iya karantawa, kuma akwai manhajojin da aikinsu kawai shi ne laluben irin waɗannan mabuɗai a ma'ajiyoyin da ke buɗe. Ko ma'ajiya ta sirri ba ta zama garkuwa ba. A 2016 masu kutse sun shiga wata ma'ajiyar sirri ta injiniyoyin kamfanin Uber a GitHub, suka samu mabuɗan rumbun bayanansa, suka kwashe bayanan mutane miliyan 57. A 2018 kamfanin ya amince ya biya dala miliyan 148 ga jihohin Amurka kan lamarin da kuma ɓoye shi da ya yi.

A Najeriya, Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta ɗora alhaki a kan duk mai riƙe da bayanan mutane. Matashin da aka ba kwangilar haɗa wa wata makaranta ko asibiti mai zaman kansa manhaja, ya zuba sunayen ɗalibai ko marasa lafiya na gaske a ma'ajiya don gwaji, ya jefa kansa da wanda ya ba shi aikin cikin matsala.

Rigakafin shi ne fayil mai suna .gitignore, wanda ake rubuta sunayen abubuwan da Git za ta kau da kai daga gare su, kuma a ranar farko ya kamata a ƙirƙire shi. A ciki ake saka .env, da rumbun bayanai na gwaji, da manyan jakunkuna irin su node_modules da ake iya sake saukowa da su, waɗanda aika su ɓarnar data ce kawai. GitHub ma ba ya karɓar fayil guda da ya wuce megabait 100. Fayil ɗin da Git ta riga ta fara bi ba zai fita don an rubuta sunansa daga baya ba, sai an yi git rm --cached a kansa. Idan kuwa mabuɗi ya riga ya fita, share tarihi ba shi ne matakin farko ba. A je wurin kamfanin da ya bayar da mabuɗin a soke shi, a karɓi sabo.

Tarihin yana da wani amfani a makaranta da wajen neman aiki. Kamfanonin da ke ɗaukar masu haɗa manhaja daga nesa sukan nemi ganin ma'ajiyar mai nema, kuma aikin da aka zuba gaba ɗaya a zango guda ba ya nuna yadda mutum ke tunani kamar wanda aka gina sannu a hankali cikin watanni. A aikin rukuni kuwa, inda aka saba mutum ɗaya ya yi wahala biyar su sa suna, git shortlog -sn yana jera sunayen mahalarta da adadin zangon kowa, git blame kuma yana nuna wanda ya taɓa kowane layi a ƙarshe. Adadi kaɗai yana iya yaudara, domin wani zai yada zango ashirin yana gyara waƙafi, wani ya yada uku da suka ɗauki nauyin manhajar. Malamin da ke son sanin gaskiya sai ya rubuta git log -p --author tare da sunan ɗalibin, ya karanta layukan da ya rubuta da hannunsa.